Tsohon labarin kamu ya maƙale wa sunana a Google: rubutu a shafin kaina zai ture shi?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar haɗa sola a Zariya ne ya aiko da wannan tambaya. Shekara huɗu da suka wuce saɓanin kuɗi ya shiga tsakaninsa da wani da ya ba shi aiki, magana ta kai ga 'yan sanda, wani shafin labarai ya buga cewa an kama shi bisa zargin damfara. Daga baya kotu ta kori ƙarar, amma wannan babu wanda ya buga. Yanzu yana neman kwangilar sa sola a wasu ƙananan asibitocin karkara, kuma duk wanda ya rubuta sunansa a Google, labarin kamun ne yake fara cin karo da shi. An ba shi shawara ya buɗe bulog ya riƙa rubutu. Yana son ya san ko hakan zai yi amfani, ko kuwa ya biya wasu da suka ce za su goge masa labarin.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye na gaba, ya kuma sa kwangilar rabonka ce. Rubutun zai yi amfani, amma a hankali, kuma ba da shi za ka fara ba. Masu cewa za su goge kuwa, riƙe kuɗinka tukuna, zan zo kansu.

Kafin komai ina so ka yi wani ɗan aiki na minti goma. Buɗe Chrome a yanayin sirri, wanda suke kira Incognito, don kada tarihin bincikenka ya sauya abin da za a nuna maka. Rubuta sunanka yadda yake a takardun kwangila. Sake rubuta shi yadda abokan ciniki suke kiranka, da laƙabin da aka san ka da shi a kasuwa, da sunan kamfani, sannan sunan haɗe da Zariya, sannan haɗe da sola. Kowanne ka ɗauki biro ka rubuta abin da ya fito a shafin farko, daga na ɗaya zuwa na goma, ka sa kwanan wata. Wannan takarda ita ce ma'auninka nan da wata shida.

Ko ban gani ba, na san kusan abin da za ka tarar. Labarin kamun, wataƙila da kwafinsa a wasu ƙananan shafuka biyu ko uku da suka kwashe shi ba tare da sun sauya ko waƙafi ba. Shafinka na Facebook. Sauran kuma wasu mutane ne daban masu irin sunanka. Aikin da ka yi na shekara da shekaru, gidajen da ka haska, rijiyoyin burtsatsen da ka mayar kan sola, babu ko ɗaya. Ina suke? Suna kan WhatsApp, a sitatus ɗin da yake ɓacewa bayan awa 24, inda Google ba ya iya shiga ko kaɗan. Wasu suna Facebook, inda abin da yake gani kaɗan ne. To injin da aka tambaya wane ne wane, ya duba duk faɗin intanet ya sami takarda ɗaya tak mai ɗauke da cikakken sunanka da bayani a kanka, me kake so ya kawo? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar a nan shirunka ne. Mafi yawan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da nake yi wa aiki haka suke, sun shahara a gari, amma a idon Google ba su da tarihi.

Akwai dalili na biyu. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, ginshiƙin tsarinsu shi ne ƙirga mahaɗa, wato shafuka nawa ne suke nuni zuwa ga wani shafi, kuma su kansu masu nunin wane nauyi gare su. Kamar shaida ne a gaban alƙali, yawan masu shaida yana da tasiri, amma shaidar dattijon da aka sani ta fi ta baƙo goma. An ƙara ɗaruruwan ma'aunai daga baya, amma wannan bai mutu ba. Shafin labarai da ya shekara goma yana bugawa kullum, ana ta nuni zuwa gare shi, yana da nauyin da sabon shafinka ba zai samu cikin mako biyu ba. Ka san da wannan tun yanzu, don kada ka karaya a wata na biyu.

Saboda haka matakin farko shi ne wurin waɗanda suka buga labarin. Je wurin magatakardar kotun da ta yi shari'ar ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi. Sai ka rubuta wa editan shafin takarda gajeriya, cikin ladabi: ga labarin da kuka buga ranar kaza, ga adireshinsa, ga yadda shari'ar ta ƙare, ga kwafin hukunci. Abin da za ka roƙa shi ne wurin da mutane suke kuskure. Kowa yana cewa a goge, editoci kuma ba sa son gogewa, domin a ganinsu abin da suka buga ya faru, an kama ka ɗin. Ka nemi abin da zai yi musu sauƙin amsawa: a ƙara bayani a saman labarin cewa kotu ta kori ƙarar, a gyara kanun ya nuna hakan, ko a buga sabon labari na yadda aka ƙare. Gyaran kanu ya fi komai daraja a wurinka, domin kanun ne ake gani a Google, da yawa ba sa ma buɗe labarin. Idan editan mai sauƙin kai ne, akwai wata alama da ake sa wa shafi, sunanta noindex, wadda take gaya wa Google ya cire shi daga sakamakon bincike alhali labarin yana nan a rumbunsu. Mai kula da shafinsu ya san ta, aikin minti biyu ne. In akwai ɗan jaridar da kuka saba, ka bi ta hannunsa, da ɗan gari akan ci gari. In kuma ofishinsu yana Kaduna ko Kano, zuwa da kai ya fi aike.

Idan sun gyara amma Google yana ci gaba da nuna tsohon kanun, akwai fom ɗin da Google ya tanada don a sanar da shi cewa shafi ya sauya ko an cire shi, sai ya sake dubawa. Kyauta ne.

Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne barazana, ko ka hau Facebook kana zagin shafin kana yaɗa adireshin labarin don mutane su ga zaluncin da aka yi maka. A 2003 mawaƙiyar nan ta Amurka, Barbra Streisand, ta kai wani mai ɗaukar hoto kotu tana neman dala miliyan 50, saboda hoton gidanta yana cikin dubban hotunan gaɓar tekun Kalifoniya da ya ɗora a intanet. Kafin ƙarar, sau 6 kacal aka sauke hoton, biyu daga ciki lauyoyinta ne. A watan da ya biyo baya mutum sama da 420,000 suka shiga shafin. Ta kuma faɗi shari'ar. Allura ta tono garma ke nan, har sunanta ya zama laƙabin irin wannan kuskure. A nan gida ma akwai masu ruga wa 'yan sanda da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 don a kama wanda ya yi rubutu. Ranar da aka kama ɗan jarida saboda kai, manyan jaridu da ƙungiyoyin kare 'yan jarida ne za su ɗauki labarin, kowanne da sunanka da tsohon zargin a ciki. Labari ɗaya ya zama ashirin, kuma daga shafukan da suka fi na farko nauyi.

Za ka ji ana maganar 'yancin a manta da mutum. Asalinsa Turai ne. Wani ɗan Sifaniya, Mario Costeja González, ya ga cewa duk wanda ya nemi sunansa yana cin karo da sanarwar da jaridar La Vanguardia ta buga a 1998 ta gwanjon gidansa saboda bashi, bashin da ya daɗe da warwarewa. A ranar 13 ga Mayu, 2014, kotun Tarayyar Turai ta ce Google ya cire mahaɗar daga sakamakon da yake fitowa in an nemi sunansa. Sanarwar kanta tana nan a rumbun jaridar. A 2019 kuma kotun ta ce wannan cirewa ba dole ta shafi duniya baki ɗaya ba. Mu a Najeriya muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumarta NDPC, kuma dokar ta ba mutum damar neman a share bayanansa, sai dai ta yi wa aikin jarida togaciya. Lauyan da ya san fannin zai iya duba maka, amma ni ba zan ɗora shirina a kanta ba. Abin da Google yake cirewa da kansa in an nema shi ne irin lambar waya, adireshin gida, lambar asusun banki, hoton katin shaida, da hotunan tsiraici da aka yaɗa ba da yardar mutum ba. Idan labarin ya ƙunshi adireshin gidanka ko lambarka, wannan wata ƙofa ce da za ka iya ƙwanƙwasawa.

Su kuma masu gogewa a biya su, iri biyu na sani. Na farko zai karɓi kuɗi ya kashe waya. Na biyu ya fi haɗari, shi yana aiki, amma da ƙarya: ya ƙirƙiri shafi ya kwafe labarin ya mayar da kwanan wata baya, sannan ya kai ƙara wurin Google cewa an sace masa rubutu, ko ya haɗa takardar kotu ta bogi. Google yakan tura kwafin irin waɗannan buƙatu zuwa wani rumbu na jama'a mai suna Lumen, inda masu bincike da 'yan jarida suke tonawa. Mutumin da kotu ta wanke daga zargin damfara, a wayi gari an kama takardar jabu da sunansa, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yanzu ga rubutun, wanda shi ne ainihin tambayarka.

Fara da suna, domin mu Hausawa a nan muke da matsala ta musamman. Mutum ɗaya Muhammad ne a fasfo, Mohammed a banki, Muhammadu a takardar firamare, Mamman a unguwa. Ga haruffa masu lanƙwasa: kai kana rubuta Ɗanjuma, mai nemanka a wayarsa Danjuma zai buga. Ga kuma tarin masu suna iri ɗaya. Zaɓi rubutu guda, wanda yake a takardun kwangilarka da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, domin shi kwamitin tantancewa zai kwafa ya liƙa a Google. Shi za ka sa ko'ina, harafi da harafi. Sauran rubuce-rubucen sunan da laƙabinka ka ambace su sau ɗaya a shafin tarihinka, cewa ana kuma kirana kaza. Na sha ganin mutum ya yi wata takwas yana rubutu da laƙabinsa na kasuwa, alhali labarin da yake damunsa da sunan yanka aka buga. Ya gina katanga a gonar da ba ita akuya take shiga ba.

Sai adireshi na kanka, wanda masu sana'ar suke cewa domen: sunanka da .com ko .com.ng, na biyun ƙungiyar NiRA ta Najeriya ce take kula da shi. Kuɗinsa na shekara bai taka kara ya karya ba. Amma ka saya da imel ɗinka da lambarka, kalmar sirri kuma a hannunka. Ina da dalilin nanatawa. Wata baiwar Allah mai sana'ar kayan ɗaki ta taɓa zuwa wurina hankali tashe. Wani yaro ne ya gina mata shafi, ya yi rajistar adireshin da imel ɗinsa, ya tafi bautar ƙasa ya sauya lamba. Shekara ta zagayo ba a sabunta ba, adireshin ya faɗi, wasu suka saye shi suka cika da tallar caca. Sunanta ne ɓaro-ɓaro a adireshin, yana jikin katinta da ledojin shagonta. Ba mu iya karɓo shi ba, sabo muka buɗe daga tushe. Ka sa ranar sabuntawa a kalandar wayarka, in da hali ka biya na shekara biyu ko uku a haɗe.

Inda za ka ɗora rubutun ba abin dogon tunani ba ne. Blogger na Google ne, kyauta ne, kuma yana karɓar adireshin kanka. WordPress ya fi shi faɗi in akwai mai taya ka. Kowanne ka ɗauka, ya zama yana buɗewa da sauri a ƙaramar waya da data mai rauni. Kada ka ɓata wata guda kana zaɓen launi.

Shafin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na tarihinka, kuma shi ne nake sa ran zai fara hawa. Kanunsa ya zama cikakken sunanka da sana'arka da garinka. A ciki ka faɗi inda ka koyi aiki, shekarar da ka fara, irin ayyukan da kake yi, garuruwan da ka yi aiki, lambar rajistar kamfani, hotonka a bakin aiki, da hanyar samunka. Ka rubuta shi da Hausa, ka kuma yi wani da Turanci, domin jami'in ƙungiyar da zai tantance ka wataƙila a Abuja yake zaune ko ma a wata ƙasa. Ban da kirari. Shahararre, gogagge, na ɗaya a Arewa, duk ka bar su, yabon kai jahilci. Mai karatu yana neman abin da zai iya tabbatarwa ne.

Daga nan sai abin da za ka riƙa rubutawa, kuma a nan ne kake da arzikin da ba ka san kana da shi ba. Buɗe WhatsApp ɗinka ka duba tambayoyin da ake yi maka kullum. Malam, batirina wata takwas kacal ya mutu, me ya jawo? Fanel nawa zai ɗauki firiza? Inbata tana ƙara da daddare, lafiya? Kowace tambaya rubutu guda ce. Ɗauki ta farkon. Ka bayyana cewa batir mai bolt 12 da amfiya 200 a lissafi yana riƙe da wat 2,400 na awa guda, amma in na ruwa ne bai kamata a riƙa shanye fiye da rabinsa ba, don haka abin da mai gida yake da shi a zahiri wajen 1,200 ne. Ka kawo gidan da ka je ka tarar an jona dutsen guga da hita a kan batir ɗaya, mai gidan yana rantsuwa an sayar masa da jabu. Ka sa hoton kan batirin da ya yi tsatsa, da na mitarka tana nuna abin da ya rage. Ka faɗi abin da ka gyara da abin da ka ce masa ya daina. Lokacin hunturu ka yi rubutu kan ƙurar da take rufe fanel, da hoton fanel guda rabi a goge rabi da ƙura. Irin wannan rubutu babu wanda zai iya yinsa sai wanda ya hau rufin kwano da rana tsaka. Shi ne kuma abin da Google yake cewa yana nema, domin a ƙarshen 2022 ya ƙara gogewar mai rubutu a cikin ma'aunan da masu tantance masa inganci suke dubawa. A ƙasan kowane rubutu cikakken sunanka ya fito, da mahaɗa zuwa shafin tarihinka.

Ka yi yawancinsa da Hausa. Rubutun sola da Turanci ya cika intanet maƙil, kamfanonin duniya ne a gaba, ba za ka ture su ba. Da Hausa kuwa fili ne fetal. Wanda ya yi bayani mai kyau kan lissafin batir da Hausa zai iya zama na farko a wannan tambaya cikin ɗan lokaci, mutane su riƙa tura wa juna, wasu shafukan su yi nuni gare shi, nauyin shafin gaba ɗaya ya ƙaru, har da shafin tarihin da yake ɗauke da sunanka. Ta bayan gida ake zagayowa a tura sunan sama.

Ayyukan da ka kammala ma ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya: gari, wata da shekara, girman aikin, matsalar da aka samu da yadda aka warware. Ka nemi izinin mai wurin kafin ka sa sunansa ko hoton gidansa. Ga wanda yake neman kwangilar asibiti, bayanin yadda ka sa firijin ajiye rigakafi ya kwana yana aiki a wani ƙauye ya fi duk wata takardar yabo.

Rubutu biyu a wata, masu nama, sun ishe ka, in dai ba za ka tsaya ba. Na fi son haka da mutum ya zuba goma a makon farko sannan shafin ya zama kufai. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa zai sa ChatGPT ya haɗa maka rubutu ɗari a dare ɗaya kowanne da sunanka sau goma. A Maris na 2024 Google ya fito fili ya sa tara rubutu barkatai don hawa sama cikin abubuwan da yake hukuntawa, ko mutum ya rubuta ko na'ura. Sayen mahaɗa ma haka, sun daɗe suna farautarsa. Ban da wannan ma, ɗan kwamitin da ya buɗe shafinka ya ga rubutun da ba ƙamshin mutum a cikinsa, zarginsa ƙaruwa zai yi. In hannunka ba ya son rubutu, ɗauki muryarka kana bayani yadda kake yi wa abokin ciniki, ka ba ƙaninka ya mayar rubutu, kai kuma ka duba lissafin.

Ga wani abu da masu ba da shawarar bulog suke mantawa. Tun 2019 Google ya ce galibi ba zai riƙa nuna fiye da sakamako biyu daga shafi ɗaya a sahun gaba ba. Ma'ana ko rubutu dubu ka yi, kujera biyu shafinka zai samu cikin goman nan. Sauran takwas sai ka nemo su daga wasu wurare. LinkedIn, shafin da ma'aikata suke sa tarihin aikinsu, yana hawa da sauri a kan sunan mutum, kuma nan ma'aikatan ƙungiyoyi suke dubawa, ka cike shi tsaf da Turanci. Tashar YouTube da sunanka, ko da bidiyo biyar ne na minti uku kana gwada batir. Rajistar shagonka a Google Business Profile, don ya fito a taswira da hotuna da ra'ayoyin abokan ciniki na gaskiya, ban da na 'yan'uwa da abokai da aka roƙa. Shafin kasuwanci na Facebook a buɗe ga kowa. Dukkansu suna ɗaya, hoto ɗaya, kowanne yana nuni zuwa shafinka. Mafi tsada a cikinsu shi ne abin da wani ya rubuta a kanka: hira a gidan rediyo da aka ɗora a shafinsu, maƙalarka da wata jarida ta buga, sunanka a jerin masu horarwa a wani taron koyar da sana'a. Shafi mai nauyi shi yake iya ture shafi mai nauyi. Rubutunka na bulog shi ne zai sa a gayyace ka irin waɗannan wurare, domin mai shirya shiri a rediyo shi ma Google yake tambaya wa ya san sola da Hausa. Wikipedia kuwa ka ƙyale ta, ba a son mutum ya rubuta tarihin kansa a can, kuma duk wanda ya zo gyara yana da damar ƙara labarin kamun.

Saura tambayar da na san tana ranka: ka yi rubutu a kan shari'ar da kanka ko ka yi shiru? Ra'ayina ya danganta da amsar editan. In sun gyara kanun, a bar kaza cikin gashinta. In sun ƙi, ko shafin ya zama marar mai shi, to ka yi rubutu ɗaya tak, gajere. A shekara kaza saɓani ya shiga tsakanina da wani abokin ciniki, an kai kotu kaza, ranar kaza kotu ta kori ƙarar, ga kwafin hukunci. Kada ka ambaci sunan mutumin, kada ka rama, kada ka sa mahaɗa zuwa tsohon labarin, kada kuma ka maimaita kalmar damfara a kanunka, don kada ka ƙara ɗaure ta da sunanka. Amfaninsa shi ne wanda ya ga zargin ya ga amsar a kusa da shi. Ina faɗin duk wannan ne bisa cewa yadda ka ba da labarin haka yake. Akwai waɗanda suke zuwa wurina da kuɗin mutane a wuyansu suna so a binne magana, nakan ce musu su je su biya tukuna, domin wanda aka cuta yana da waya shi ma, gobe zai sake rubutawa.

Batun lokaci, a abin da na gani a aikina, shafin tarihi da LinkedIn sukan bayyana cikin makonni, amma kafin tsohon labari ya sauka ƙasa sosai akan ɗauki wata shida zuwa shekara. In ƙaramin shafi ne ya buga, yakan faɗa shafi na biyu, inda ba kowa yake leƙawa ba. In babbar jarida ce, zai iya zama a shafin farko har abada, sai dai ya koma na bakwai ko na takwas, kewaye da abubuwa tara da suke nuna wane ne kai. Wannan ma nasara ce, domin mai dubawa yana auna abin da ya gani gaba ɗaya. Ka yi rajistar shafinka a Search Console don Google ya san da shi da wuri, ka ga kuma kalmomin da ake nemanka da su. Ka sa sunanka a Google Alerts don a aiko maka da imel in an ambace ka. Takardar nan ta farko ka riƙa sabunta ta sau ɗaya a wata, ba kullum ba, dubawa kullum hawan jini kawai take jawowa.

Ita kuwa kwangilar da take gabanka yanzu ba za ta jira wata shida ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ɗauka cewa za su bincika kuma za su gani. Cikin takardun da za ka miƙa ka sa kwafin hukuncin nan mai hatimi, da ɗan bayani na layi huɗu a samansa, da lambobin mutum uku da ka yi wa aiki bayan shari'ar waɗanda suka yarda a kira su. In an zo ganawa, kai za ka fara ɗauko maganar kafin su tambaya.